Kada Ki Sare Mangwaron Tukuna

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 31, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana garka a bakin fadamar Rima, wajen Kwalkwalawa, mai itatuwan mangwaro kusan 60 da gwaiba da lemun tsami, da wani fili a gefe inda yake shuka albasa da rani. Mu huɗu ne, maza biyu mata biyu, sai mahaifiyarmu, kuma ba a raba gado ba. Yayanmu da ke aiki a Abuja yana so a sayar wa masu yanka filaye a raba kuɗin. Inna ba ta so, amma ba ta iya yi masa musu. Ni ce mai bin Baba garkar tun ina yarinya, ina so in karɓe ta, in sare tsofaffin mangwaron da suka rage 'ya'ya, in shuka furannin da ake yankewa a sayar wa masu biki da otal-otal, musamman wardi, domin ban ga mai yin haka a nan ba. Ina da kuɗin adashe da na tara. Tsohon da ya daɗe yana yi wa Baba aiki ya ce fure ba abinci ba ne. Mijina ya amince, amma ya ce in nemi shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa abin da ya dasa ya ci gaba da kai masa lada, domin ya tabbata a hadisi cewa babu Musulmin da zai dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga cikinsa, face an rubuta masa sadaka. Na ji daɗi ƙwarai da aka samu ɗaya a cikinku wadda zuciyarta ke wurin garkar. Shawarata ita ce ki karɓe ta, amma ta hanyar da shari'a ta tsara, kada ki sare ko itace ɗaya a bana, kuma kada ki fara da wardi.

Abin da ya kamata ki fara amincewa da shi, ko da zai yi miki ɗaci, shi ne garkar nan ba taki ba ce tukuna, kuma yawan zuwanki can tun ƙuruciya bai ƙara miki ko taƙi ɗaya a kan rabonki ba. Idan mahaifinku bai bar iyaye a raye ba, kuma Inna ce kaɗai matarsa, to bayan an biya bashi an zartar da wasiyya idan akwai, Inna tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka kasa garkar kashi 48, Inna tana da 6, kowane ɗaya daga cikin mazan yana da 14, ke da 'yar'uwarki kuna da 7 kowacce. Ma'anar wannan ita ce duk itacen da kika sa aka sare yau, kashi 41 cikin 48 nasa haƙƙin wasu ne, kuma babu kyakkyawar niyyar da za ta halatta miki taɓa shi ba tare da yardarsu ba. Ki je wurin malamin da ya san rabon gado, ko alƙali, ya tabbatar muku da lissafin bayan ya ji cikakken bayanin magada.

Kada ki ɗauki yayanku a matsayin abokin gaba. Mutumin da ke biyan haya da kuɗin makarantar yara a Abuja, yana da kashi 14 a cikin dukiyar da ba ta aika masa ko kwandon mangwaro, bai yi laifi ba idan ya nemi haƙƙinsa. Abin da ke ɓata zumunci a gidajenmu shi ne barin gado shekara da shekaru ba a raba ba, wani yana ci, wani yana kallo, har maganar ta kai ga jikoki. Saboda haka, maimakon ki je masa da roƙon a bar garkar don tunawa da Baba, ki je masa da tsarin da zai nuna masa yadda rabonsa zai riƙa isa gare shi.

Fiƙihun da muka gada ya riga ya tanadi wannan tsarin, kuma sunansa musaƙa. Ita ce yarjejeniyar da masu itatuwa ke miƙa su ga wanda zai kula da su, ya yi ban ruwa, ya gyara, ya tsare, a kan wani kaso sananne na 'ya'yan da za a samu, kamar rabi ko sulusi. Asalinta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da mutanen Haibara, inda ya bar su suna aikin gonakin dabino a kan rabin amfanin. Ke za ki zama mai aikin, ki ɗauki kason da aka amince da shi saboda wahalarki, sauran kuma a raba wa magada duka, har da ke, gwargwadon rabon kowa. Wani abin da ya yi daidai da buƙatarki shi ne malaman Malikiyya sun yi bayani a kan filin da babu itace a cikin garka, suka halatta a bar wa mai aikin ya noma wa kansa idan filin ƙarami ne, bai wuce sulusi ba. Filin albasar mahaifinku yana iya shiga wannan babin, kuma a nan furanninki za su zauna. Sannan ki san cewa idan wani daga cikin magada ya sayar da rabonsa ga baƙo kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su karɓe rabon a kan kuɗin da aka sayar, sai dai haƙƙin yana faɗuwa idan aka sani aka yi shiru har lokaci ya ja.

Duk abin da kuka amince da shi a rubuta shi, a sa hannu, baffanku da wani dattijo su shaida, kowa ya riƙe kwafi. A wannan zaman kuma a nemo takardun filin, a duba ko mahaifinku yana da takardar mallaka ko takardar ciniki mai shaidar hakimi, domin tun dokar ƙasa ta 1978 ikon filaye yana hannun gwamna ne, kuma garkar da ke kusa da gari kariyarta tana da rauni idan ba ta da takarda.

Yanzu sai maganar itatuwan. Mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan wani gindi, yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara ba da 'ya'ya, wanda aka shuka daga ƙwallo ya fi haka daɗewa, kuma kafin itace ya kai girman waɗanda kike son sarewa sai an yi shekaru masu yawa. Tsufa kaɗai ba kasafai yake hana mangwaro haihuwa ba. Ki zagaya da tsohon nan itace bayan itace, ku duba ko kauci ya kama rassa yana tsotse su, ko rassan sun cunkushe har rana ba ta shiga ciki, ko gara ta ci gindi, ko an daɗe ba a zuba taki ba. Yawancin waɗannan ana gyara su da zarto da takin dabbobi bayan an gama tsinkar 'ya'ya, gab da faɗuwar damina. Itacen da irinsa ba ya kasuwa ma ba sai an tumɓuke shi ba, ana datse manyan rassansa, idan ya yi toho sai a yi wa sababbin rassan aure da irin da ake so, cikin shekara biyu zuwa uku ya dawo yana ba da 'ya'ya masu daraja a kan tsohon gindi mai saiwa mai zurfi. Haka kuma tsutsar da ake tararwa a cikin mangwaro daga ƙwan wani ƙuda take, kuma rabin maganinsa tsafta ce, a riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗo ana binne su da zurfi, kada a bar su su ruɓe a gindin itace.

Akwai wata al'ada da nake so ki bincika ko ana yin ta a garkarku, wato sayar wa dillali da amfanin shekara tun itace yana fure ko 'ya'yan suna ƙanana. Shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana, kuma ko a lissafin kasuwa mai garka ne ke faɗuwa, domin a lokacin da yake cikin matsi ake yanke farashin. Mai yiwuwa garkar da yayanku yake gani ba ta kawo komai tana kawowa, ribar ce take tafiya aljihun wani. Ki sayi littafi ki rubuta kowane kwando da ya fita da kuɗin da aka sayar da shi, da kowace naira da ta tafi a mai da taki da lada, tsawon shekara guda. Ba za ki iya yi wa 'yan'uwanki bayani mai gamsarwa ba sai da wannan littafin.

Game da tsohon da ya ce fure ba abinci ba ne, kada maganarsa ta ɓata miki rai, kuma kada ki yi tunanin sallamarsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, ya san itacen da ke ba da 'ya'ya shekara guda ya huta shekara guda, ya san iyakar da ruwa ya kai a ambaliyar 2010, wadda ta cinye hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ki tambaye shi irin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mahaifinku, ki cika ta, idan da hali ki ƙara masa wani kaso a kan amfanin. Abin da ke ƙarƙashin maganarsa tsoro ne kada a kawo abin da bai sani ba a kore shi, kuma idan kika kwantar masa da hankali shi ne zai fi kowa kula da shukarki.

Wardin da kike gani a hotunan bukukuwa, mai doguwar kara da babban kai, ɗan ƙasa mai sanyi ne. Kenya, wadda take cikin manyan masu sayar wa Turai wardi, tana noma kaso mai yawa nasa a kewayen tafkin Naibasha, wurin da ya kai kusan mita 1,900 sama da teku, a cikin rumfunan leda, sannan daga gona a wuce da shi ɗakin sanyi, daga nan motar sanyi ta kai shi filin jirgin Nairobi, ya kwana a sama ya sauka a Holan. A Nijeriya ma Jos ce ta yi suna da furanni, domin tana sama da mita 1,200. Sakkwato kuwa tana ƙasa, kusan mita 300, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Wardi zai iya rayuwa a tsakar gida idan ana lallashinsa, amma furensa zai fito ƙanana, ya buɗe da sauri, ya zube kafin ki kai shi ga mai saye. Idan kika zuba kuɗin adashenki a wardi, ina tsoron ba za su kai bazara ba.

Wannan bai rufe ƙofar furanni ba, ya dai nuna miki waɗanda za ki nema da lokacin da za ki shuka su. Akwai furanni masu son rana da ake shukawa daga iri mai arha, su fara fure cikin kimanin wata biyu: ziniya mai launuka iri-iri, da marigol mai ruwan ɗorawa, da sanfulawa irin ta ado, da silosiya wadda kanta ya yi kama da zankon zakara, da gomfirina mai ƙananan kawuna. Biyun ƙarshen suna da wata fa'ida babba, domin ana busar da su a inuwa launinsu bai tafi ba, a sayar da su a watannin da babu ɗanyen fure. Ki kuma gwada tubaros, wanda ake dasawa daga kai kamar albasa, yana jure zafi kuma yana da ƙamshi mai ƙarfi. A ganina matan ƙasar nan, da suka tashi cikin turaren wuta da humra, za su fi saurin buɗe jaka saboda ƙamshi a kan launi, kuma ƙamshi shi ne abin da furen roba ba zai taɓa bayarwa ba.

Lokacinki shi ne hunturu. Ki shuka daga ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya janye daga fadama, ki riƙa ƙara sabon kwami duk mako biyu domin kada furen ya zo gaba ɗaya ya wuce gaba ɗaya, ki yi ta yanka daga Disamba zuwa Fabrairu. Ki kafa dannin zana ta gefen da iska ke busowa, saboda busasshiyar iska da ƙura suna ƙona bakin fure, kuma dannin zai tare awaki. Kada ki shuka a ƙarƙashin mangwaro ko kusa da gindinsa. Dalili na farko shi ne furannin nan suna son rana ta aƙalla awa shida, a inuwa sai su yi tsawo su raunana. Dalili na biyu, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne mangwaro yana buƙatar ƙasa ta bushe masa kafin ya yi fure, idan kina shayar da kwami a gindinsa kullum cikin Nuwamba da Disamba, sai ya fitar da sabon ganye maimakon fure, ki yi asarar amfanin da kike dogara da shi. Ki lissafa kuɗin ruwa tun farko, domin kwamin fure a ƙasa mai yashi yana son ruwa kusan kullum, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin ban ruwa ya zama mai cin riba. Idan garkar ta fara kawo kuɗi, injin mai aiki da hasken rana ya fi cancantar adashenki a kan kowane irin fure.

Yankan fure aikin asuba ne. Ana yanka shi kafin rana ta ɗaga, da wuƙa mai kaifi, a zage ganyen ƙasan karan, a tsoma shi nan take a bokiti mai tsafta da ruwa mai sanyi, a ajiye a inuwa. Kada ki taɓa ajiye shi ɗaki ɗaya ko mota ɗaya da nunannen mangwaro ko gwaiba, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin wadda take saurin tsofar da fure. Ke kuma malamar makaranta ce, kina da aji da safe, saboda haka tun yanzu ki yi tunanin wanda zai yi yankan a ranakun aiki da wanda zai kawo shi gari. Ki koya wa tsohon ko ɗansa, ke ki riƙe Asabar da Lahadi, waɗanda su ne ma ranakun da bukukuwa suka fi yawa. Kada ki ajiye aikinki, albashinki ne zai riƙe ki a shekarar da garka ta ƙi.

Kin ce ba ki ga mai yin wannan sana'a a Sakkwato ba. Hakan yana iya nufin babu wanda ya yi tunaninta, yana kuma iya nufin babu isassun masu saye, kuma ba za ki san wanne ne ba sai kin fita kin tambaya. Masu ƙawata wuraren biki sun saba da furen roba, saboda sau ɗaya suke sayensa su yi ta amfani da shi, ba ya yaushi, ba ya jiran ruwa. Ba za ki ture shi daga bango da rumfar amarya ba, kada ma ki gwada. Wurinki shi ne abin da ake riƙewa a hannu ko ake gani kusa: wanda amarya za ta riƙe, na teburin manyan baƙi, na teburin karɓar baƙi a otal, na wanda zai je duba mara lafiya ko barka. Idan kwaminki na farko ya yi fure, ki ɗaure shi dami-dami da kyau ki kai wa masu ado da masu ɗaukar hoto da masu yi wa amare kwalliya kyauta, ki tambaye su nawa za su iya biya da kuma sau nawa a wata. Wanda ya ce yana so don wani biki, ki karɓi kafin alƙalami. Ki kuma sa kalandar Musulunci a gabanki, domin azumi yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan yana matsowa cikin hunturu. Bukukuwa suna cunkushewa kafin azumi, su tsaya cik idan ya kama, don haka ki ƙirga wata biyu baya daga Rajab da Sha'aban ki sa ranar shukarki. Maganar aikawa Abuja ko Kano ki ajiye ta tukuna, tafiyar yini a mota marar sanyi ba ta bar wa fure komai.

Idan aka yi hunturu biyu kika ga masu sayen ɗanyen fure ba su kai su biya kuɗin ruwa ba, filin bai ɓaci ba, kuma ilimin da kika samu bai tafi a banza ba. Dashen furanni da na mangwaro mai aure a cikin leda yana da kasuwa wurin masu sababbin gidaje da makarantu, kuma ba ya mutuwa idan bai sayu yau ba. Lalle yana son ƙasarmu, zoɓo ma haka, wanda ake busarwa har a fitar da shi zuwa Meziko.

Abin da za ki yi a wannan makon shi ne ki zauna da Inna da 'yar'uwarki da ƙanenki ku fahimci juna, sannan ki roƙi baffanku ya kira yayanku, domin magana irin wannan ta fi nauyi idan ta fito daga bakin babba. Ki nemi a ba ki garkar a kan musaƙa na tsawon girbi biyu, da sharaɗin ba za a sare itace ba sai da yardar kowa, kuma bayan kowane girbi za ki aika wa kowa rabonsa tare da kwafin lissafi. A rubuta kuma cewa idan wa'adin ya cika yayanku yana nan a kan son sayarwa, za a kira masana su yi wa garkar ƙima, ku da kuke son riƙe ta ku sayi rabonsa, a ba ku lokacin biya kashi-kashi. Ki gode wa mijinki da ya ce ki nemi shawara, ki kuma roƙe shi ya raka ki zaman farko da tsohon a garka.